Laifin Gyaɗa Ne ko na Zaƙi? Ƙurajen Fuska da Tarihin Abincinmu a Ƙasar Bakori

   Ki jawo kujerarki kusa, domin maganar tamu ta yau ta shafi fuskar 'yarki, ta kuma shafi kaskon da kike tuyar ƙuli-ƙuli da shi.

Babu gidan da ba a san wannan zance ba. Yarinya ta tasa, ta kai shekara goma sha uku ko sha huɗu, sai ƙuraje su feso mata a goshi da kumatu da haɓa, irin waɗanda 'yan boko ke kira fimfus. Kafin a ce me, an yanke hukunci: gyaɗa ce. A hana ta ƙuli-ƙuli, a hana ta kunun gyaɗa, wata uwar ma har ƙwai da nono da man shanu take haɗawa. Idan kuwa an sa ranar auren yarinyar, to abin ya zama tashin hankali, kowace gwaggo da nata maganin. Shin gyaɗar ce da gaske? Amsar tana cikin tarihi kashi biyu, na abincinmu a nan ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, da kuma na likitocin duniya, waɗanda su ma sun daɗe suna kai gwauro suna kai mari a kan wannan tambaya.

Amma kafin nan, mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai abincin da jikin mutum ba ya so. Wata da ta ci kifi, ko ƙwai, ko gyaɗa, cikin mintoci ko 'yan sa'o'i sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, ga ƙaiƙayi kamar ta yage fata. Wannan shi ne borin jini, kuma yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan har leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa, asibiti ake nufa nan take, domin yana iya kisa. Ƙurajen balaga kuwa ba haka suke ba. Fatarmu tana da 'yan ƙananan ƙofofi inda gashi ke tsirowa, kowace da jakar maiƙo a gindinta. Idan balaga ta zo, sinadaran jiki sukan sa maiƙon ya yawaita, ƙofar ta toshe da matacciyar fata, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai ƙurji ya taso. Wannan aiki na makonni ne. Saboda haka ƙurjin da kika gani yau da safe ba gyaɗar jiya da daddare ce ta kawo shi ba, tun tuni yake hanya.

To, mu koma baya. Kakanninmu a Tsiga da Kakumi da Kabomo da Guga, me suke ci? Tuwon dawa ne da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi, da daddawa, fura da nono da rana, koko ko kunu da safe, wake, da ganye iri-iri lokacin damina. Hatsin nan a turmi ake surfa shi, a dutse ake niƙa shi, garin yana da ɗan tsakinsa. Zaƙi kuwa ba abin kullum ba ne. Zuma ce, da rake, da mazarƙwaila irin wadda har yau ake yi a wajajen Danja. Alkaki da nakiya sai ranar biki, ko gara, ko Sallah. Kuma tsofaffi suna tsoron zaƙi ƙwarai. Ke ma kin sani, har yau mai ciki idan watanni sun ja ana hana ta shan zaƙi, yaro kuma idan ya cika lasar alawa ana yi masa faɗa. Wani Ba'amurke mai suna Lewis Wall ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi a shekarun 1970 yana nazarin yadda Bahaushe ya ɗauki ciwo da magani, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 1988. Abin da ya tarar shi ne abin da muka tashi muka gani: a wurin Bahaushe lafiya daidaito ce, duk abin da ya yi wa jiki yawa, sanyi ne ko zafi ko zaƙi, yana iya zama cuta.

Ita kuwa gyaɗa baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Asalinta daga Kudancin Amurka take, Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki sun so a yi ta noman auduga ne, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma ko ba a saya ba ana iya ci. Daga 1912 cinikinta ya buɗe, har aka kai ga dalar gyaɗa ta Kano da ake ba mu labari, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wannan yanki namu ya zama na auduga da gyaɗa da dawa. Maza suna kai buhuna kanti, mata kuma a cikin gida suna soyawa, suna niƙawa, suna matse mai, tunkuzar kuma a yi ƙuli-ƙuli. Da wannan sana'a mata nawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka ƙofar zaure ba? Wata Baturiya mai suna Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa a shekarun 1960, ta yi mamakin yawan cinikin da matan kulle ke yi ta hannun yara 'yan talla, har ta ce kasuwa ce sukutum a ɓoye cikin gidaje.

Ina so ki riƙe wannan: a zamanin da aka fi noman gyaɗa da cinta a ƙasar nan, babu lemon kwalba a ƙauye, babu biskit a kowane teburi.

Sai abubuwa suka juya cikin ɗan lokaci. Fari ya zo a 1973, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a duk Arewa, dala ta rushe ba ta sake tashi ba. A wannan shekarar ta 1975 kuma aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya yi shekara biyar, ya ratsa hanyoyi cikin ƙauyuka, ya kawo takin zamani da rangwame, ya kuma kawo sabon irin masara. Kafin nan masara abar bayan gida ce, a gasa ko a dafa a ci kafin dawa ta nuna. Tambayi duk tsohuwar da ke gidanku, za ta gaya miki ba da tuwon masara aka yaye ta ba. Amma cikin shekaru kaɗan masara ta mamaye gonakin Bakori da Funtuwa da Ɗandume, injin surfe da na niƙa suka maye gurbin turmi da dutse, gari ya koma fari sol, mai laushi, dusar kuma ta tafi wurin awaki.

Ta ɗaya gefen kuma kanti ya shigo mana ɗaki. An fara ɗura Coca-Cola a Nijeriya a 1953. Madarar Peak ta shigo a 1954. Kamfanin fulawa na Apapa ya fara niƙa alkama a 1962, burodi ya soma yaɗuwa, masana'antar sukari ta Bacita kuma ta fara aiki a 1964. Indomie ta iso a 1988, madarar gari ta ƙaramin ƙunshi irin ta Cowbell a 1993. Kowannensu ya ɗauki shekaru kafin ya kai ƙauye, amma ya kai. Yau ki duba karin kumallon 'yar sakandare: shayi mai sukari cokali uku ko huɗu da madara, da farin burodi. A makaranta fanke ko cincin da lemo. Da yamma taliya. Ko furar ma, da ake damawa da nono kawai, yanzu sai an zuba mata sukari har ta daina tsami. Kokon safe haka, zoɓo haka, kunun aya haka.

Yanzu mu leƙa wurin likitoci, mu ga yadda su suka yi da tambayar.

A farkon ƙarni na ashirin, littattafan likitancin fata a Turai da Amurka suna cewa a rage zaƙi da cakulan da maiƙo, kusan dai maganar kakanninmu. Sai a 1969 wasu likitoci uku a Amurka, Fulton da Plewig da Kligman, suka gwada mutum 65. Suka ba su wata alawa mai cakulan da yawa na wata guda, sannan suka ba su wata mai kama da ita wadda babu cakulan a ciki. Ba su ga bambanci ba, sai suka ce cakulan ba shi da laifi. A 1971 wani likita mai suna Anderson ya ba ɗalibai 27 cakulan da madara da soyayyar gyaɗa da lemon kwalba na mako guda, shi ma ya ce bai ga komai ba. Daga nan aka rufe littafi. Shekara talatin cur ana koya wa ɗaliban likita cewa abinci ba ruwansa da ƙuraje, zancen tsofaffi ne kawai.

Amma fa akwai lauje cikin naɗi. Alawar da aka ce babu cakulan a cikinta, cike take da sukari da kitse kamar ɗayar. Ashe zaƙi aka gwada da zaƙi. Ga lokacin ya yi kaɗan ga ciwon da ke ɗaukar makonni kafin ya fito. Sannan ƙungiyar masu yin cakulan ta Amurka ce ta tallafa wa binciken. Ni dai a ganina, idan mai ƙosai ce ta biya a bincika ko ƙosai na ɓata ciki, ya kamata a saurari sakamakon da kunne biyu.

Akwai waɗanda ba su gamsu ba tun a lokacin. Wani likita, Otto Schaefer, ya yi shekaru masu yawa yana aiki cikin mutanen Inuwit, mazauna ƙanƙarar arewacin Kanada. A 1971 ya rubuta cewa da can ba ya ganin ƙurajen fuska a cikinsu, sai da suka koma gari suka kama shan lemo da alawa. Ba a kula shi sosai ba. Sai a 2002 Loren Cordain da abokan aikinsa suka fitar da rahoton da ya sa aka sake buɗe littafin. An duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Fafuwa Niyu Gini, 300 daga cikinsu samari da 'yan mata ne masu shekara 15 zuwa 25, ba a samu mai ƙurji ko ɗaya ba. Abincinsu doya ne da dankali da kifi da kwakwa da 'ya'yan itace. An kuma bi mutum 115 na ƙabilar Ace a ƙasar Faragwai fiye da shekara biyu, su ma babu. To, uwargida, kin san me mutanen Ace ke ci? Rogo, da naman daji, da masara, da gyaɗa. Gyaɗa fa! A yankin da ita gyaɗar ta samo asali. Abin da ba su da shi sosai shi ne sukari da fulawa da kayan kanti.

Ba za a ce abinci kaɗai ne dalili ba, domin gado ma yana da ƙarfi a wannan ciwo; idan uwa ko uba sun yi fama da shi, da wuya 'ya'ya su tsira gaba ɗaya. Shi ya sa aka so a gwada a gani. A 2007, a birnin Melbon na Ostireliya, Robyn Smith da Neil Mann suka raba samari 43 gida biyu. Kashi ɗaya suka ci gaba da farin burodi da kayan zaƙi, ɗaya kashin aka ba su hatsi da dusarsa, da wake, da kifi da nama da ganye. Bayan mako 12, ƙurajen kashi na biyu sun ragu kusan ninki biyu na ragowar na farko. Mutanen ba su da yawa, amma gwajin da aka sake yi a Koriya a 2012 ya nuna hanya ɗaya. A Faransa kuma, a 2020, an tambayi manya fiye da 24,000, aka ga masu ƙuraje sun fi shan lemo mai zaƙi da madara da cin kayan da suka haɗa maiƙo da sukari.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Sukari da farin gari suna narkewa su shiga jini da gudu. Jiki sai ya saki sinadarin insulin da yawa don ya kwashe su. Shi kuma insulin idan ya yawaita yakan zuga sinadaran balaga, su kuma su zuga jakar maiƙon nan da muka ambata, ƙofar fata ta ƙara toshewa. Wato maiƙon fuska jiki ne ke ƙera shi, ba man da kika zuba a miya ne ke bi ta jini ya ɓullo a goshi ba. Gyaɗa kuwa tana cikin abincin da ya fi komai jinkirin ɗaga sukarin jini. Inda take shiga laifi shi ne idan an dama ta da narkakken sukari an yi kantu ko alawa. Nan ma ai abokin tafiyarta ne ɓarawon.

Maganar madara tana da ɗan daɗi a gare mu, domin ɗan Nijeriya ne ya jagoranci binciken da aka fi ambata. Dokta Clement Adebamowo, likita daga Jami'ar Ibadan, yana Jami'ar Habad ta Amurka a 2005 ya duba bayanan ma'aikatan jinya mata 47,355. Ya ga waɗanda suka fi shan madara lokacin 'yanmatanci sun ɗan fi yin ƙuraje masu tsanani. Abin mamaki, madarar da aka cire wa mai ita ta fi nuna haka, ba mai maiƙon ba. Wannan ma ya ƙara wanke maiƙo. Amma ki lura, bambancin ba babba ba ne, kuma mata ne masu shan madara kofi biyu ko uku kullum. A kan nono mai tsami irin kindirmo, masu bincike sun rabu, wasu sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba. Don haka ni ba zan ce ki kori 'yar Fulani daga ƙofar gida ba. Ludayin nono a fura abinci ne mai gina jiki. Sukarin da ake ɗurawa a kai shi ne abin dubawa.

A nan gida ma an duba. A 2009 Dokta Husain Yahya ya binciki ɗaliban sakandare a Kaduna, ya tarar kusan tara cikin goma suna da ƙurajen fuska, galibi marasa tsanani. Kin ga ke nan 'yarki ba ita kaɗai ba ce, kuma ba jifa ba ne, ba ƙazanta ba ce. A Ibadan kuma, a 2016, an tambayi ɗalibai sama da 400 abin da suke ci, aka ga ƙuraje sun fi yawa ga masu yawan shan madara da cin kek da soyayyen nama da masara. Kada ki ji an ambaci masara ki ce za ki daina tuƙa tuwo. Irin wannan tambaya tana nuna abubuwan da suka zo tare ne, ba ta tabbatar da wane ya jawo wane. Abin da zan ce kawai, idan da hali a riƙa sirka masarar da dawa ko gero, kada a surfe ta har ta zama kamar alli, a yawaita miyar ganye da wake. Wannan ko ba don fuska ba, riga-kafi ne ga ciwon sukari da ya fara yawa a gidajenmu.

Gyaɗa tana da aibinta na gaskiya, kuma ba a fuska yake ba. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yi ɗaci, tana ɗauke da dafin da ake kira afulatokzin, wanda aka gano bayan 1960 lokacin da ya kashe talotalo fiye da dubu ɗari a Ingila. Yana lalata hanta a hankali, kuma tuya ba ta kashe shi. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ki tsince ruɓaɓɓu ki zubar, kada ki ce asara ce ki tura su cikin niƙa.

Idan kina zargin wani abinci, ga yadda za ki gane. Abu ɗaya za a ajiye, ba biyar ba, kuma na wata biyu zuwa uku, domin kin ji ƙurji ba ya fita a kwana ɗaya. Ki fara da lemon kwalba da sukarin shayi da na koko. Idan ba a ga sauƙi ba, a gwada madara. Amma yarinya mai tasowa, da mai ciki, da mai shayarwa, ba a raba su da gyaɗa da wake da ƙwai da nono saboda fuska. A yawancin gidajenmu waɗannan su ne naman talaka. Yarinyar da za ta yi aure bana, ta yi ciki baɗi, jini take buƙata fiye da santsin kumatu.

Sau da yawa ma mai laifin ba a kwano yake ba, a kan madubi yake. Likitocin nan uku na binciken cakulan, su ne dai a 1970 suka bayyana ƙurajen da man gashi mai kauri ke jawowa a goshi da gefen kunne. Man kitso ya gangaro, ɗankwali da hijabi su danne, zufa ta haɗu, sai ƙananan ƙuraje su jeru a bakin gashi. Mafi muni shi ne man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan gyaran amarya. Da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki. Mako biyu na farko fuska ta yi fes, kowa na yabawa, daga baya ƙuraje su feso gaba ɗaya, fata ta yi siriri, ta yi jijiyoyi da baƙin tabo, idan an daina kuma abin ya ƙara tashi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ga kuma matsa ƙurji da farce, wanda a baƙar fata shi ke barin tabon da kan yi watanni bai goge ba.

Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mara ƙarfi ya isa, ba a dirza da soso. Idan ƙurajen manya ne masu ciwo da ruwa, ko suna barin rami, a nemi izinin maigida a je asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, in ya gagara a tura ku wurin likitan fata a Shika. Haka idan babbar mace ce ƙuraje suka dame ta a haɓa, ga al'ada tana tsallake watanni, ga gashi na fito mata a gemu, wannan ba na abinci ba ne, matsalar ƙwan mahaifa ce da ke iya jinkirta haihuwa, kuma tana da magani. Duk wadda ke da ciki ko take sa ran samu, ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta komai, domin kafso irin su tetarasakilin da dokisakilin, da wata ƙwaya mai suna aisotiretinoyin, suna cutar da ɗan da ke ciki, ta ƙarshen ma tana nakasa shi. Kada a aiki yaro kemis ya sayo su da baki.